Tsaga Hannun Jari Da Ribar Dogon Zango: Abin Da Asusun Ƙwayoyin Lantarki Na Amurka Ya Nuna

A farkon watan Mayu na shekarar 2023, masu jari a wani asusu da ake kira SMH a kasuwar hannun jari ta Amurka suka wayi gari suka tarar farashin hannun jari guda ya sauko daga kusan dala 250 zuwa wajen dala 125. A wata rana daban, irin wannan faɗuwa ta rabi da rabi cikin dare ɗaya da ta sa jama'a sun ɗora hannu a ka. Amma a ranar ba wanda ya ko ɗaga murya, domin wanda ya kwanta da hannun jari 10 ya tashi da 20, wanda ya kwanta da 100 kuma ya tashi da 200. Kamfanin VanEck mai kula da asusun ne ya tsaga kowane hannun jari gida biyu. Bayan wata goma, watau a cikin watan Maris na shekarar 2024, sai takwaransa SOXX na kamfanin BlackRock ya bi sahu, shi kuwa gida uku ya tsaga nasa, a lokacin da farashinsa ya doshi dala 700.

Wannan al'amari ya faru ne can nesa da mu, amma yanzu nisan ya ragu. Akwai ma'aikata da ɗalibai a ƙasar nan da ke sayen hannun jarin Amurka ta wayar hannu da 'yan dalolin da suka tara, kuma duk lokacin da aka tsaga wani hannun jari sai ka ji ana yi wa juna albishir cewa kaya ya yi araha, a yi maza a saya kafin ya koma inda yake. Wannan magana ce ya kamata a auna ta da kyau, domin kuɗin da ake sakawa sau da yawa guzurin ritaya ne ko kuɗin makarantar yara.

Mene ne asusun, me kuma ke cikinsa

Semikondakta dai ita ce 'yar ƙwayar lantarkin nan da ake sarrafawa daga silikon, wadda ke cikin wayar hannu da kwamfuta da mota da na'urar asibiti. Dattawan da suka riƙe rediyo tiransisto a zamaninsu sun riga sun san kakanta, domin tiransisto ɗin da aka ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell a 1947 shi ne asalin abin. A 1958 Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments ya nuna cewa ana iya haɗa da'irar lantarki gaba ɗaya a kan ƙwaya guda, yau kuwa ƙwaya ɗaya da ba ta wuce farcen babban yatsa ba tana ɗauke da tiransisto miliyan dubbai. A 2024 cinikin waɗannan ƙwayoyi a duniya ya haura dala miliyan dubu 600.

Shi kuwa asusun da 'yan kasuwa ke taƙaita sunansa da ETF, kwando ne da ake zuba hannuwan jarin kamfanoni da yawa a ciki, sa'an nan a yanka kwandon kansa ƙanana ƙanana ana sayarwa a kasuwa kamar kowane hannun jari. Wanda ya sayi yanki guda ya mallaki ɗan kaso daga kowane kamfani da ke cikin kwandon. SMH yana riƙe da kamfanoni 25, SOXX yana riƙe da 30, kuma a cikinsu akwai Nvidia da Broadcom da AMD da Intel da Qualcomm na Amurka, da TSMC na Taiwan, da ASML na ƙasar Holand mai ƙera injunan da ake zana ƙwayoyin da su. Masu kula da asusun ba sa zaɓen kamfani da ra'ayinsu. Akwai mizanin da aka tsara da ƙa'idoji rubutattu, shi suke bi, suna cire ladan aikinsu. A 2024 ladan ya kasance kashi 0.35 daga cikin 100 a shekara a dukkan asusun biyu, watau dala 35 a kan kowace dala 10,000.

Fam ɗaya, naira biyu

Wanda ya ga ranar 1 ga watan Janairu na 1973 ba ya bukatar dogon bayani a kan tsaga hannun jari. A ranar ce Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira 2. Ma'aikacin da albashinsa yake fam 30 ya koma karɓar naira 60, amma ko mudun gero ɗaya bai ƙaru a rumbunsa ba, domin abin da ake saye da fam ɗaya jiya shi ake saye da naira 2 yau. Haka tsagawa take. Kamfanonin da ke cikin kwandon ba su ƙara sayar da ƙwaya ko ɗaya ba, ribarsu tana nan yadda take, bashinsu ma haka. Abin da ya canja kurum shi ne yawan yankan da aka yi wa kwandon. Masu jari a bankuna da kamfanonin ƙasar nan sun saba da ɗan'uwan wannan abu, watau hannun jarin kyauta da ake cewa bonas, inda akan ba mutum ɗaya a kan kowane huɗu ko biyar da yake da su, washegari kuma farashi ya sauka daidai gwargwado.

To, in haka ne, me ya sa ake yi? Dalilan ba su taka kara sun karya ba, amma akwai su. Hannun jari mai dala 700 yana yi wa ƙaramin mai saye nauyi, musamman inda dillalinsa ba ya sayar da gutsure. Har wa yau akwai wasu yarjejeniyoyin ciniki a kasuwar Amurka da ake ƙullawa a kan hannun jari ɗari ɗari, saboda haka idan guda ya kai dala 700, yarjejeniya ɗaya ta tsaya a kan dala 70,000 ke nan, wadda ta fi ƙarfin mutane da yawa. Ga kamfanoni kuma akwai wani dalili na daban. Mizanin nan na Dow Jones yana auna kamfani ne da farashin hannun jarinsa guda, don haka mai tsada ƙwarai ba ya samun shiga. Nvidia ya tsaga nasa gida 10 a watan Yuni na 2024, daga wajen dala 1,200 zuwa wajen dala 120, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara aka shigar da shi Dow Jones a gurbin Intel. Broadcom ma ya tsaga gida 10 a watan Yuli. A ɗaya gefen kuwa ga Warren Buffett, wanda bai taɓa tsaga babban hannun jarin kamfaninsa na Berkshire Hathaway ba har guda ɗaya ya wuce dala 600,000 a 2024, kuma ba a ji masu riƙe da shi sun talauce saboda haka ba.

Masana sun daɗe da bincika wannan batu. A 1969 Eugene Fama, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 2013, tare da abokan aikinsa Fisher da Jensen da Roll, suka bi diddigin tsagawa 940 da aka yi a kasuwar New York tsakanin 1927 da 1959. Abin da suka gano shi ne farashi yakan yi ta hawa a watannin da suka gabaci tsagawa, amma bayan an yi ta, a jimlace, ba wata riba ta musamman da ke biyo baya. Wasu masu bincike na baya sun ce sun ga 'yar ƙaruwa, suka danganta ta da cewa shugabannin kamfani ba sa tsaga hannun jari sai in suna kyautata zaton gobe. Ko da an yarda da wannan, hujjar ba ta da ƙarfi a kan asusu irin SMH, domin masu kula da kwando ba su san sirrin kamfanonin da ke ciki fiye da kowa ba. Tsagawa a nan shaida ce kawai cewa farashi ya riga ya hau. Sawun giwa ne, giwar kuwa ta wuce.

Inda lissafi ke ruɗar mutum

Akwai kuskure iri biyu da tsagawa ke jawowa, kuma ɗalibin da ke koyon lissafin kuɗi ya kamata ya san su duka. Na farko shi ne wanda aka ambata, a ɗauka kaya ya yi araha. Na biyu ya fi shi ɓoyuwa, shi ne a ɗauki tsohon farashi a gwada shi da sabo ba tare da an daidaita su ba.

Ga misali daga SMH kansa. A ƙarshen 2022 ana sayar da hannun jarinsa a wajen dala 203. A ƙarshen 2023 kuwa wajen dala 175. Wanda ya dubi waɗannan lambobi biyu kurum zai rantse an yi asarar kusan kashi 14 daga cikin 100. Alhali mai hannun jari ɗaya a farkon shekarar ya ƙare ta da biyu, kowanne dala 175, watau dala 350 a kan 203 da ya fara da su. Ribar shekarar ta haura kashi 70 daga cikin 100, tana cikin mafi girma da asusun ya taɓa samu. Haka kuma in aka ɗauki shekara goma: a ƙarshen 2014 farashin yana wajen dala 55, a ƙarshen 2024 yana wajen dala 242. A ido wannan ninki huɗu ne da ɗoriya. In aka raba tsohon farashin gida biyu kamar yadda ya kamata, sai a ga ninkin ya kusa tara, kuma ba a ma sa rabon ribar da asusun ke biya kowace shekara a cikin lissafin ba. Mafi yawan jadawalin da ake gani a intanet sun riga sun yi wannan daidaitawa, shi ya sa mai duba su zai ga kamar a 2014 dala 27 ake sayar da abin, farashin da ba wanda ya taɓa biya a wancan lokaci. Amma tsohuwar takardar dillali da tsohuwar jarida ba a daidaita su, kuma daga nan ake samun gardamar da ba ta da tushe.

Ninki tara cikin shekara goma ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba daga tsagawa ya zo ba. Ya zo ne daga wayoyin hannu da suka cika duniya, da manyan rumbunan kwamfuta da kamfanoni irin su Amazon da Google da Microsoft suka gina, sa'an nan daga ƙarshen 2022, bayan fitowar ChatGPT, daga rububin sayen ƙwayoyin Nvidia don aikin ƙirƙirarriyar basira. Riba ce ta kayan da aka ƙera aka sayar, tare da tsadar da masu saye suka yarda su biya a kan ribar da suke hange.

Daga ina aka fara ƙirga?

A nan ne maganar ribar dogon zango take da ƙura, domin amsar tana canjawa gwargwadon ranar da aka fara ƙirga. Takardun SMH suna fara tarihinsa ne daga watan Disamba na 2011, lokacin da VanEck ya karɓe shi ya mayar da shi irin asusun da yake yau. Amma sunan SMH ya girmi haka. Kamfanin Merrill Lynch ne ya fito da shi a watan Mayu na 2000 a ƙarƙashin wani tsari da ake kira HOLDRS, kwando mai kamfanoni 20 da ba a sabunta su, wanda kuma ba a sayensa sai ɗari ɗari. Wanda ya shiga a wancan lokaci ya shiga ne a daidai ƙarshen haukan da kasuwa ta yi a kan kamfanonin intanet, kuma abin da ya same shi ba ya cikin jadawalin da ake nuna wa sabon mai saye.

Akwai mizanin kamfanonin semikondakta na kasuwar Philadelphia, wanda aka kafa a 1993, da ke ba da labarin waɗannan shekaru. A watan Maris na 2000 ya haura maki 1,300. A watan Oktoba na 2002 ya sauko wajen 214, watau ya zubar da fiye da kashi 80 daga cikin 100 na darajarsa. Ya ɗan farfaɗo, sai rikicin bankuna na 2008 ya sake danna shi ƙasa da maki 200. Bai koma matsayinsa na 2000 ba sai a ƙarshen 2017 zuwa farkon 2018. Mai karatu ya tsaya ya yi tunanin wannan da shekarun aikin gwamnati: wanda ya zuba kuɗinsa yana da shekara 43 sai da ya cika 60 kafin lambar da ya saka ta dawo. Lambar ce kuma ta dawo, ƙarfin kuɗin bai dawo ba, domin abin da dala 100 ke saye a Amurka a 2000 sai da dala 140 da 'yan kai a 2017. Ɗan rabon ribar da kamfanonin suka riƙa biya ya rage zafin, amma bai kashe shi ba.

Abin lura, a waɗannan watanni na ganiyar 2000 an yi ta tsaga hannuwan jari kamar ba gobe. Intel, wanda a lokacin shi ne sarkin sana'ar, ya tsaga nasa gida biyu a watan Yuli na 2000. Wata guda bayan haka farashinsa ya kai wajen dala 75, daga nan ya juya, ya kuma shafe fiye da shekara 20 bai sake taka wannan matsayi ba. A 2024 kaɗai ya zubar da kusan kashi 60 daga cikin 100, ya dakatar da biyan rabon riba, a watan Agusta na 2025 kuma gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 na kamfanin. Wanda ya saya a 2000 don an ce masa an tsaga, kaya ya yi sauƙi, ya ga ma'anar karin maganar nan da ke cewa araha ba ta ado.

Me ya sa wannan sana'a take hawa da sauka haka? Dalilin yana cikin yadda ake yin kayan. Masana'antar ƙwayoyi ta zamani tana cin dala miliyan dubu 10 zuwa 20 ko fiye, kuma gininta da girka injunanta kan ɗauki shekara biyu zuwa huɗu. Idan kaya ya yi ƙaranci farashi ya tashi, sai kowane kamfani ya fara gini a lokaci guda, masu saye kuma don tsoron rashi su yi odar abin da ya fi bukatarsu su jibge. Kafin sababbin masana'antu su fara aiki ɗakunan ajiya sun cika, oda ta tsaya cak, farashi ya karye. Manomin da ya ga albasa ta yi tsada bana ya shuka ta da yawa baɗi tare da dukkan maƙwabtansa ya san yadda labarin ke ƙarewa. Cinikin ƙwayoyi a duniya ya kai dala miliyan dubu 204 a 2000, ya faɗo zuwa 139 a 2001. An sake ganin ƙaramin irinsa bayan ƙarancin zamanin annobar korona, lokacin da cinikin ya sauka daga wajen 574 a 2022 zuwa wajen 527 a 2023. Kasuwar hannun jari kan riga ciniki gudu, shi ya sa tun a 2022 SMH ya zubar da kusan kashi ɗaya bisa uku, SOXX kuma wajen kashi 35 daga cikin 100. Wanda ya yi asarar kashi 35 kuwa sai ya sami ribar kusan kashi 54 kafin ya koma inda ya tashi.

Kwando biyu, sana'a ɗaya

Shekarar 2024 ta nuna wani abu da ya fi tsagawa muhimmanci nesa ba kusa ba. A wannan shekara SMH ya ba da ribar kusan kashi 39 daga cikin 100. SOXX, wanda a shekarar ce ma aka tsaga shi, ya tsaya a wajen kashi 13. Sana'a ɗaya, kusan kamfanoni iri ɗaya, lada iri ɗaya, amma ribar wannan ta ninka ta wancan sau uku. Bambancin yana cikin ƙa'idar mizanin da kowanne ke bi. Na SMH ya yarda kamfani ɗaya ya kai kashi 20 na kwandon, na SOXX kuwa yana datse manyan a wajen kashi 8 duk lokacin da aka sake daidaita shi. Nvidia ya tashi da kusan kashi 240 a 2023, ya ƙara wajen kashi 170 a 2024, saboda haka kwandon da ya fi cika da shi ya tsere wa ɗan'uwansa.

A ganina wannan ba yabo ba ne ga ɗaya ko zargi ga ɗayan. Ƙa'idar da ta ba SMH galaba a 2024 ita ce dai za ta fi ƙona shi ranar da babban kamfanin ya yi tuntuɓe, kuma an ga alamar haka a ranar 27 ga Janairu, 2025, lokacin da labarin wani kamfanin ƙasar Sin mai suna DeepSeek ya sa hannun jarin Nvidia ya faɗi da kusan kashi 17 a yini guda, darajar da ta kusa dala miliyan dubu 600 ta zube. Daga baya ya farfaɗo har darajar kamfanin ta kai dala tiriliyan 4 a watan Yuli da tiriliyan 5 a watan Oktoba na wannan shekara. Amma wanda ya sayi kwandon da zaton ya rarraba ƙwansa a wurare 25 ya kamata ya sani a ƙarshen 2024 kusan sulusin kuɗin kwandon a kan kamfanoni biyu ya kasance, Nvidia da TSMC, kuma na farkon a masana'antun na biyun ake ƙera masa mafi yawan kayansa, a tsibirin Taiwan da ƙasar Sin ke cewa nata ne. Wannan damuwa ce ta sa Amurka ta kafa doka a watan Agusta na 2022 ta ware wajen dala miliyan dubu 52 don jawo masana'antun zuwa ƙasarta.

Masu ninki uku

Akwai wani asusu da matasa suka fi so, kuma a kansa ne ruɗun tsagawa ya fi yin ɓarna. Sunansa SOXL, na kamfanin Direxion, an buɗe shi a 2010. Alkawarinsa shi ne ya ninka motsin mizanin sau uku a kowace rana: in mizani ya hau kashi 1 shi ya hau 3, in ya sauka 1 ya sauka 3. A watan Maris na 2021, bayan farashinsa ya haura dala 500, aka tsaga shi gida 15, ya dawo wajen dala 40. Ga wanda ke da dala 100 a waya, wannan ya zama ƙofa a buɗe. A 2022 asusun ya zubar da kusan kashi 85 daga cikin 100. Kuɗin da ya ragu zuwa kashi 15 sai ya ninka kusan sau 7 kafin ya cika.

Kalmar da ake mantawa da ita a cikin alkawarin ita ce "kowace rana". A ɗauka mizani yana kan 100, yau ya hau kashi 10 ya zama 110, gobe ya sauka kashi 10 ya zama 99. An yi asarar 1. Mai ninki uku kuwa yau ya hau kashi 30 ya zama 130, gobe ya sauka kashi 30 ya zama 91. Asararsa 9 ce, ba 3 ba. Duk lokacin da kasuwa ta yi ta kai da kawo, wannan zaizaya tana ci gaba, ga kuma lada mai tsada da kuɗin ruwan bashin da ake ninkin da shi. Sakamakon ya fito fili a tsakiyar 2024: a watan Yuli SOXX ya wuce matsayinsa na ƙarshen 2021 da fiye da kashi 40 daga cikin 100, SOXL kuwa, wanda mizani ɗaya suke bi, da ƙyar ya koma inda yake a ƙarshen 2021, watau wajen dala 68. Kafin tsakiyar Afrilu na 2025, a rikicin harajin shigo da kaya na Shugaba Trump, ya sake gangarawa ƙasa da dala 10. Kamfanin da kansa ya rubuta a takardunsa cewa asusun na masu sa ido a kansa kullum ne, ba na ajiya ba.

Yana da tagwai mai suna SOXS, wanda ke samun riba in kasuwa ta faɗi. Shi tsagawarsa a juye take: farashinsa kan yi ta narkewa har ya koma 'yan daloli, sai a dunƙule hannuwan jari da yawa su zama ɗaya don lambar ta yi kyan gani. An yi masa haka sau da dama, ciki har da watan Afrilu na 2024 da aka mayar da kowane 10 ɗaya. Wanda ya ga farashin ya tashi daga dala 3 zuwa 30 ya yi murna, sai ya duba ya ga hannun jarinsa 100 sun koma 10.

Mai kirga da naira

Ga mai saye daga ƙasar nan akwai ƙarin lissafi a kan duk wannan. A watan Mayu na 2023, lokacin da aka tsaga SMH, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya riƙe asusun a wannan tsakani ya ga kuɗinsa ya ninka sau da yawa in an ƙirga da naira, amma babban kaso na wannan ninki faɗuwar naira ce, da ko dalar ya ajiye a ƙarƙashin katifa zai same shi, kuma hauhawar farashin da ta wuce kashi 30 daga cikin 100 a 2024 ta cinye wani abu daga ciki. A 2025 da naira ta ɗan farfaɗo, wannan iska ta daina kaɗawa ta bayansa.

Sa'an nan ga haraji. Nijeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, saboda haka ana cire kashi 30 daga cikin 100 na duk rabon ribar da asusun ya biya tun kafin ya iso. A asusun ƙwayoyin lantarki wannan bai cika ciwo ba, domin rabon nasu bai cika wuce kashi 1 na farashi a shekara ba. Wanda ya fi shi nauyi shi ne harajin gado: baƙon da ba mazaunin Amurka ba, in ya rasu ya bar hannun jarin Amurka da ya wuce dala 60,000, dokarsu ta ɗora haraji a kan abin da ya haura, wanda kan iya kaiwa kashi 40 daga cikin 100, kuma dillali na iya riƙe dukiyar har magada su kawo takardar sallama daga hukumar harajin Amurka. Tun a watan Afrilu na 2021 kuma hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Nijeriya ta yi gargaɗi a kan manhajojin da ke sayar da hannun jarin ƙasashen waje ba tare da rajista ba, saboda haka kafin mutum ya tura kuɗinsa yana da kyau ya nemi sunan dillalin a jerin waɗanda hukumar ta yi wa rajista, ya kuma tambaya da sunan wa ake ajiye hannun jarin a can Amurka.